Kafin Ki Damƙa Masa Kuɗin Adashen

Wasiƙar wannan mako daga Garin Malam ta fito, nan cikin Damagaram. Mai ita uwa ce da mijinta ya rasu shekara 4 da suka wuce, tana riƙe da gida da tuyar ƙosai da safe, awara da yamma. Ga abin da ta rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Ɗana na fari shekararsa 20. Sau biyu yana zama jarrabawar bak, ta ƙarshen sakandare, bai samu ba, ya ce ba zai koma ba. Watan gobe zan kwashi adashe, jaka 300. Ya matsa mini in ba shi ya sayi PS4 guda biyu da tele, ya buɗe gidan wasa a shagon marigayi da ke ƙofar gida. Ya ce dala 20 ake biya kowane wasa, a yini zai haɗa jaka 8. Baffansa ya ce caca ce, in na yarda zan tara ƴaƴan mutane su lalace, alhakinsu a wuyana. Ni kuma abin da ke cina, shi kansa yaron ba ya shigowa gida sai ƙarfe 1 na dare daga wurin wasan nan, da asuba sai na yi ta bugun ƙofa. Ya kuma ce in ban ba shi ba zai bi abokansa arewa wurin haƙar zinariya. Ni ban san abin nan ba, ban taɓa ko riƙe shi ba. Yaya zan yi?"

Ƴar uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya albarkaci bayansa. Na ga har kika gama wasiƙar ba ki kama sunan yaron ba. Na san kunyar ɗan fari ce, ni ma sai in bi sahunki in ce da shi yaron.

Bari in ba ki amsar tun daga bakin ƙofa, kada ki yi ta nemanta cikin dogon zance. Kada ki ba shi jaka 300 ɗin nan gaba ɗaya. Kada kuma ki ce masa a'a ki juya baya. Ki buɗe masa ƴar siririyar hanya wadda in ya bi, za ki gane ko sana'ar yake so ko wasan. Abubuwa biyu ne daban, kuma ina jin shi kansa bai rarrabe su ba tukuna.

Kin ce ba ki san abin ba, to daga nan ya kamata mu fara. PlayStation akwati ne da kamfanin Sony na Japan ke ƙerawa. Ana haɗa shi da tele, mutum biyu su riƙe abin da yara ke kira manet, kowa yana juya ƴan wasansa da yatsu. Na farko ya fito a 1994. Na biyu, PS2, ya fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 160 a duniya, shi ya sa har yau ake cin karo da shi yana aiki duk da an daina ƙera shi fiye da shekara 10. PS4 da yaronki ke so ya fito a 2013, wanda ya gaje shi, PS5, a 2020. Ke nan abin da zai sayo da kuɗinki tsoho ne, ya yi shekaru a ɗakin wani kafin ya iso hannun mai sayarwa. Wasan da ke tara yara kuwa ƙwallo ce: wanda suke kira FIFA, na kamfanin EA Sports, da aka sauya wa suna zuwa FC a 2023, da kuma PES na Konami da ya koma eFootball a 2021. Yara dai ba su saki tsofaffin sunayen ba. Wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, a kara na minti 10 ko sama da haka, a tashi.

Da wasiƙarki ta zo, na ɗauki ƙafa na je wani gidan wasa a Sabon Gari bayan la'asar, don kada in ba ki shawara a kan an ce an ce. Ciki ɗaya ne, rufin kwano, benci uku, tele biyu a kan teburin katako, an toshe taga da buhu saboda hasken rana. Yara sun kai ashirin, amma huɗu ne kaɗai ke riƙe da manet, sauran ƴan kallo ne, masu ihu in an zura ƙwallo. Manet ɗaya an naɗe shi da baƙin sikoc, maɓallinsa guda ya nutse sai an danna da farce. Mai wurin yana bakin ƙofa a kan kujera, gwangwanin madara tsakanin ƙafafunsa, littafi a cinya, duk wasan da aka gama sai ya ja layi. Awa ɗaya da rabi na yi a zaune, ban ga hannunsa ya taɓa manet ba sai sau ɗaya, da wani ya ƙi kamawa ya tashi ya sauya waya. Da aka kira magariba ya miƙa hannu ya kashe tele biyun ana tsakiyar wasa. Aka yi ta ƙorafi, ko kai bai ɗaga ba.

Mutumin nan shi ne mudun da za ki auna yaronki da shi. Sana'a ce ta gaskiya, tana ci da mutum, amma mai gidan wasa shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin wasa a ɗakin. Yaron da ke kai ƙarfe 1 na dare a gidan wani, inda aljihunsa ke tsayar da shi, ranar da ya mallaki nasa babu mai ce masa kuɗinka sun ƙare, tashi. Sannan ƴan fadarsu za su zo, kuma ba da kuɗi za su zo ba, da abota za su zo. Wanda kuka sha shayi tare shekara biyar, da wane baki za ka ce masa dala 20? Yawancin irin waɗannan wurare da ke rufewa, abin da ke cinye su ke nan, mai shago da abokansa a kan benci, masu biya a tsaye a waje har su gaji su koma wani wuri.

Mu taɓa lissafin jaka 8 ɗin. Dala 20 sefa 100 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1000. Wasa ɗaya, in an haɗa da zaɓen kulob da jera ƴan wasa da ƴar gardama, kusan minti 15 yake ci. A awa ɗaya wasa 4, sefa 400. Kafin na'ura biyu su kawo jaka 8, sai kowace ta yi awa 10 ba ta huta ba, kullum, ba ɗaukewar wuta, ba bashi, ba aboki. Wa zai zauna ya buga awa 10 ɗin? Daga Oktoba zuwa Yuni yara suna lakwal. Kasuwar ba ta ci sai bayan la'asar, a cire magariba, a cire isha'i da tuwon dare. In Allah ya taimaka aka samu awa 4 cikakku a na'ura ɗaya, sefa 1600 ne. A ciki za a biya wuta, a ajiye na manet, domin manet da hannu hamsin ke taɓawa a yini ba ya daɗewa sandarsa ke fara tafiya da kanta, a ajiye na gyara, a ajiye na harajin magajin gari. Lokacin hutun lakwal da ranakun salla ana samu sosai, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ba a gina lissafin shekara a kan ranar salla. Ki kuma tuna abin da kika fi ni sani: kuɗin adashe ba tsintuwa ba ne. Ranar da kika kwasa, zubi na nan na jiranki, kuma daga kaskon ƙosai zai fito ko shago ya kawo ko bai kawo ba.

Akwai abokan gaba da yaron bai sa a lissafinsa ba, su ne zafi da ƙura da wutar da ke rawa. Sony da kansa ya rubuta cewa PS4 ya yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ke kin san Afrilu da Mayu a garin nan, ma'auni na haye 40 a inuwa, bare cikin shagon kwano da numfashin yara ashirin. Zafi ba ƙaramin abu ba ne ga waɗannan akwatuna. A 2007 kamfanin Microsoft, mai yin akwatin wasa na Xbox, ya ware sama da dalar Amurka biliyan 1 don gyaran Xbox 360 da suka yi ta mutuwa a hannun mutane, saboda ɗumi da hucewa na tsattsaga darmar da ke cikinsu. Can ke nan inda ake da sanyi.

Ina da tsohon ɗalibi da ke gyaran wayoyi da irin waɗannan na'urori kusa da Kasuwar Dole. Na je wurinsa, na tarar an kawo masa PS4 da ke gurnani kamar babur in an kunna, bayan minti kaɗan ya mutu. Ya kwance shi a gabana. Ƙurar hunturu ta daskare a kan ƙarfen da ke zuƙe zafi, ya sa tsinke ya ɗago ta gaba ɗaya kamar audugar tsohuwar katifa. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ƙarfen nan ya bushe ya koma kamar farar ƙasa. Da ya buɗe gidan wutar, kyankyasai uku ya zazzago, sun ƙone. Wurin akwai ɗumi da duhu, suna son shi, kuma da zarar ɗaya ya haɗa waya biyu da jikinsa an gama. Mai akwatin yaro ne kamar naki, yana tsaye yana kallo, ya ce wata biyu ke nan da saye, ko rabin kuɗinsa bai mayar ba.

Don haka duk abin da za a saya, a saya shi da mai gyara a tsaye. Zuwa da wanda ya san ciki ya fi duk wata rantsuwar mai sayarwa. A kunna, a sa wasa a bar shi ya yi awa guda cur ana sauraron fankarsa. A girgiza wayar hoto a bakin HDMI a ga ko hoto na ɗaukewa, don wurin nan na yawan karyewa. A duba ko an taɓa ɓalle hatimin baya. A karanta rubutun wuta da ke jikinsa: tamu 220 ce, wasu tsofaffin akwatuna da aka yi wa Amurka ko Japan ba sa ɗaukar hakan, ana sokawa sai hayaƙi. In da zaɓi, siririn PS4 da ake kira Slim, na 2016, ya fi na farko ƙarancin cin wuta da zafi. Kada kuma a kashe kuɗi duka a kan akwati a bar abin kare shi. Ragilatar mai daidaita wuta dole ne. Ondilar, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ƴan mintoci in an ɗauke, ya fi tele na biyu amfani, domin PS4 da wuta ke yanke masa ana tsakiyar aiki, rumbun ajiyarsa na lalacewa a hankali har wata rana ya ƙi tashi. A ɗora shi a kan teburi nesa da bango, ba a ƙasa ba, ba cikin akwatin katako a rufe ba. In an tashi a lulluɓe shi da zane bayan ya huce.

Zai kawo miki maganar wanda aka fasa, su ce kirake, mai wasanni cike a ciki ba sai an sayi faifai ba. Ki san abu biyu game da shi. Fashin ba ya zama, duk lokacin da aka kashe ko wuta ta ɗauke sai an sake shi, kuma in wani yaro ya danna sabunta manhajar, ya tafi ke nan. Na biyu, wasannin da ke ciki kwafi ne da ba a biya masu su ba. Ni a ganina, wanda zai fara neman halaliyarsa a shagon mahaifinsa, faifan ƙwallo ɗaya na gaske, ko na hannu ne, ya ishe shi. Ƙwallon ce dai ake zuwa bugawa.

Yanzu ga hanyar da nake nufi. Kina da wata guda kafin kwasa, to watan nan shi ne jarrabawarsa. Ki zaunar da shi, ba da faɗa ba, ki ce kin ji maganarsa kuma ba ki raina ta ba. Ya je ya nemi wani mai gidan wasa ko mai gyara ya zauna ƙarƙashinsa wata ɗaya, ko da ba a biya shi ba, shi ne mai shara, mai jan layi a littafi, mai karɓar kuɗi, ba mai riƙe manet ba. Ya riƙa shigowa gida kafin ƙarfe 11, asuba kuma ya tashi da kansa, ki daina bugun ƙofar nan. Ya zagaya wurin masu sayarwa uku ya kawo miki farashi a rubuce, na akwati, na tele, na manet, na ragilatar, har da na benci. Ba abu ne mai wuya ba ga wanda sana'ar yake so. Wanda wasan yake so kuwa, sati biyu ba za su cika ba sai kin ga alama. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In ya cika, na'ura ɗaya za a saya, ba biyu ba, kuma kada abin da za ki fitar ya wuce rabin adashen. In rabin bai kai PS4 da kayan kariyarsa ba, ya fara da PS3. Ya fito tun 2006, wasan ƙwallo na ƙarshe da aka yi masa FIFA 19 ne, manyan samari za su ɗan yatsina fuska don ƴan wasan sun tsufa, amma ya isa a koyi riƙon shago da shi. Kuɗin kuma rance ne, ki faɗi kalmar da bakinki a gaban shaida, a yanka abin da zai riƙa mayarwa duk Juma'a. Ba don kina ƙyashin ɗanki ba. Yana da ƙanne, kuma shagon kansa gado ne da suke da haƙƙi a ciki. Abin da aka ba mutum kyauta, in ya lalace sai ya ce ƙaddara. Abin da zai biya, shi zai tashi da dare ya lulluɓe shi. Sharaɗi ɗaya da ba na so ki sassauta: duk wasan da ya buga da hannunsa, ya ja layi a littafi ya jefa dala 20 ɗinsa a gwangwani kamar kowa. Na'ura ta biyu kuwa ta fito daga cikin gwangwanin nan, ba daga kaskonki ba.

Game da daren da yake kaiwa, ba na so ki ɗauka ɗanki ya lalace, ba na kuma so ki rufe ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa kamuwa da wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, ya fara aiki a 2022. Ba yawan awoyi ta sa a gaba ba. Abin da ta ce a duba shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya sha gaban komai na rayuwarsa, ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a ɗauki kamar wata 12 ana haka. Ita kanta hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa abin ke kai su nan. Daga wasiƙarki ba zan iya cewa naki yana ciki ba. Abin da na gani dai, na daɗe ina ganinsa tun ina riƙe da alli. Yaro ya faɗi bak sau biyu. Tsararsa sun wuce, wasu suna Jami'ar André Salifou, yana haɗuwa da su a hanya da jakunkuna a kafaɗa. Da safe ya tashi ya ci ƙosan uwarsa, ya san da guminta ya karya. Wuri ɗaya ne ya rage masa a duk faɗin garin nan inda yake cin nasara a gaban mutane har a tafa masa, shi ne kan bencin nan. Yaya ba zai kai ƙarfe 1 ba? Gida akwai kunya, can akwai tafi. In ya samu wani abin da zai ɗaga kai da shi da rana, sau da yawa daren na gyara kansa. In kuwa watan gwajin ya nuna yana so ya daina ya kasa, yana ƙarya, yana taɓa miki kuɗi, to maganar shago ta tsaya, ta koma maganar likita da manyan gida.

Sai baffansa. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Bai yi daidai duka ba, amma bai yi kuskure duka ba. Biyan kuɗi don a yi amfani da na'ura na ɗan lokaci haya ce, kamar hayar keke da yara ke yi. Sai dai caca na shiga gidan wasa ta ƙofofin da wanda bai zauna ba ba zai gani ba. Mafi yawa ita ce wanda aka ci shi zai biya. Yara na ɗaukarta al'ada, malamai da dama kuwa na ganinta caca ce, tunda kowa ya zauna bai san ko zai biya duka ko zai tashi kyauta ba, sai abin da wasa ya yanke. Maganinta mai sauƙi ne, kowa ya ajiye dala 10 ɗinsa kafin a fara. Akwai kuma ƴan kallo da ke ajiye kuɗi a bayan benci a kan wa zai ci. Wannan ba ta da wani suna sai caca, kuma haramcinta a fili yake cikin Suratul Ma'ida. Har cikin wasan kansa akwai wata: in an haɗa shi da intanet, ana sayar da ƙunshin ƴan wasa a rufe, ka biya ba ka san wa za ka samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar. Shagon yaronki ba ya bukatar intanet ko kaɗan, a bar akwatin ba haɗi, an huta da wannan an huta da kuɗin data.

Tsoron baffa game da ƴaƴan mutane shi ma yana kan hanya. Ba duk wasa ne ƙwallo ba. A kwalin faifan da aka yi wa Turai akwai lamba a kusurwa, 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun wanda ya dace ya buga ke nan. FIFA 23 lambarsa 3. GTA V, wanda yara ke rububi, lambarsa 18, a ciki ana sata ana harbi ana shiga wuraren da ba za ki so a faɗa a gabanki ba. Wannan ko ba ki iya karatun boko ba za ki gane lamba, ki duba da idonki. A ƙofar gidanki, ƙwallo da tseren mota sun isa. Yaro da kayan lakwal a lokacin lakwal ba ya shiga. Lokacin makarantar allo ma haka. Ana kiran salla a kashe, ƙarfe 10 a rufe. In ɗan shekara 9 ya shigo da takardar jaka guda, a tambaye shi wa ya ba shi, in bai yi bayani ba a raka shi gida wurin uwarsa. Ranar da mata suka fara cewa kuɗin cefane na ɓacewa tun da aka buɗe shagon wance, sunanki za a kira, ba nasa ba, kuma su ne masu sayen ƙosanki.

Ki shirya ki je gidan baffan da kanki, ki gaishe shi yadda ya kamata. Ki ce masa maganarsa ce ta hana ki barci, shi ya sa kika zo da sharuɗɗa. Ki roƙe shi ya zama shaidar rancen, ya kuma zama mai leƙa shagon ba sanarwa, da ikon sa kwaɗo in ya ga kuɗi a bayan benci. Ku tafi tare wurin malamin unguwa a faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla, a kuma sanar da mai unguwa kafin a buɗe. Dattijon da aka ba matsayi a cikin abu yakan tsare shi. In duk da haka ya ce bai yarda a yi a shagon ɗan uwansa ba, kada ki yi fito-na-fito da dangin mijinki a kan akwatin wasa. Yaron na iya haɗa gwiwa da wanda ya zauna ƙarƙashinsa, ya kai na'urarsa can a riƙa raba abin da ta kawo.

Maganar arewa ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki, na san kuma ita ce ta sa kika rubuto. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarin ƙasar nan da yawa sun bi hanyar Agadas. Akwai wanda ya dawo ya yi gini, akwai wanda ya dawo da tari da bashi, akwai gidajen da har yau ake jira. Tsoronki na gaskiya ne. Amma kada ki bari ya zama shi ne farashin. In yau kin biya jaka 300 don ya zauna, ranar da akwatin ya ƙone maganar arewa za ta dawo, ke kuma ba adashe. Ki ce masa a fili: ba zan sayi zamanka da kuɗi ba, amma in aiki kake nema, ga ƙofa na buɗe maka, kuma ina bayanka. Ni abin da na ji a cikin barazanar tasa, yaro ne ke cewa ya gaji da zama ana ci da shi. Wannan ba mugun abu ba ne a bakin ɗan shekara 20 maraya. Ki gaya masa kin ji wannan ɗin.

In da zan zaɓa masa, watan gwajin nan a wurin mai gyara zai yi shi. PS4 zai tsufa kamar yadda PS2 ya tsufa, wasa ma yanzu ya koma cikin wayoyi, Free Fire da PUBG suna aljihun yaran da da sai sun je shago. Amma wanda ya iya riƙe ƙarfen darma, ya san sauya bakin caji da gyaran manet da wanke akwati, duk gidan wasa da duk mai waya a Damagaram abokin cinikinsa ne, kuma in nasa ya lalace ba zai biya kowa ba. Bak ɗin ma kada ki tayar da ita yanzu, ciwon ɗanye ne. Ana iya zama jarrabawar ba tare da an koma aji ba. Ki bar maganar sai ranar da ya kawo miki kuɗin Juma'a na huɗu ko na biyar da hannunsa, kin ga fuskarsa ta saki, sannan ki ɗan taɓa ta.

Littafin shagon ya riƙa kwana a ɗakinki, ba a shago ba. In karatun bai zauna miki ba, ƙanwarsa ko ƙanensa da ke lakwal ya riƙa karanta miki layukan duk dare ana ƙirga gwangwani a gabanki. In wata 3 sun cika da buɗewa, ki sa a kwafo mini shafukan sati biyun ƙarshe ki aiko, mu duba tare ko lokacin na'ura ta biyu ya yi.